Kwana tara a Tsibirai Dubu Huɗu ban tsinana komai ba: tafiya ce ko asara?

Abu_Hanan_KL: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun da na dawo daga hutun ƙarshen zango abokin ɗakina yake yi min dariya, shi ne na ce bari in kawo ƙara nan a raba mana gardama. Na je kudancin ƙasar Lawos, wani wuri a cikin kogin Mekong da ake kira Si Phan Don, ma'ana tsibirai dubu huɗu da yarensu. Yana lardin Champasak, dab da iyakar Kambodiya. A nan kogin yake bajewa ya rarrabu hannu-hannu, da damina faɗinsa kan kai kilomita 14. Na je da niyyar kwana uku, na ƙare da kwana tara. In kun tambaye ni me na yi a kwana taran nan, wallahi ba ni da wata amsar kirki. Da asuba in yi salla, in zauna a barandar ɗakin katakon da na kama ina kallon masunta suna jefa birgi. Hantsi ya dubi ludayi in ɗauki keken haya, in tsallaka tsohuwar gada daga Don Det zuwa Don Khon, in bi ta gonakin shinkafa ina kauce wa ɓauna, in dawo. Rana ta take in miƙe a irin ragar nan da suke ɗaurewa tsakanin ginshiƙai biyu kamar lilo. Iyakarta ke nan. Shi abokin nawa cewa ya yi na biya kuɗin jirgi ne kawai na je zaman kashe wando a ƙasar mutane, da Bankok na je da na ga abu ɗari. Ni kuma tun da na fara fita waje ban yi tafiyar da ta zauna min a rai kamar wannan ba. To ku yanke mana.

Bakano_Mai_Shadda: Wa alaikumus salam. Asara ce. A kawo ƙara ta gaba.

Maman_Sultana: Haba Alhaji, ko alƙalin ƙauye ai yakan bari mai ƙara ya haɗiye yawu kafin ya buga tebur.

Bakano_Mai_Shadda: Hajiya, ai ya gama ba da shaida a kan kansa. Da bakinsa ya ce bai yi komai ba. Ni in na sauka Guanzu kwana biyar nake yi, in zaga kasuwa bakwai, in ga masana'anta, in haɗa kaya, in dawo. Kwana tara a kan lilo? Ko jego nake yi ba zan iya ba.

Ɗan_Gungu: Ni abin ma dariya ya ba ni, amma dariyar da ba ta kai ciki ba. Ɗan'uwa Abu Hanan, abin da ka keta hazo ka je gani, shi muka baro a gida muna neman tsira da shi. Ni ɗan ƙasar Yauri ne, a gungu aka haife ni, tsakiyar ruwan Kwara. Wannan tafiyar hawainiya da kake yabo mun san ta ciki da bai. Ka zo bakin kwata tun da sassafe, mai jirgi ya ce sai ya cika, ka zauna a kan buhun wani har azahar. A loda babur, a loda tumaki, a loda buhunan gero, sannan a ce ku shigo. Ga wanda ya zo hutu da fasfo a aljihu wannan abin sha'awa ne. Ranar da mace take naƙuda cikin dare, injin ya ƙi tashi, aka koma filafili, ba wanda yake kallon kyan faɗuwar rana. Ban ce ka yi asara ba. Na dai ce wanda yake da tikitin komawa gida daban yake ganin ruwa.

Abu_Hanan_KL: Yaya Ɗan Gungu, wannan magana ta shige ni, kuma ba zan musa ba. Na ma ga irinta da idona. Ana gobe zan taho, wajen la'asar, aka fito da wani tsoho daga wani gida kusa da masaukina, an naɗe shi a tabarma, mutum huɗu suna riƙe da kusurwoyin. Suka shimfiɗa shi a tsakiyar kwalekwale, wata yarinya tana riƙe masa laima, suka nufi Nakasang, garin da ke gaɓar tudu inda ake samun mota. Kwalekwalen da ya kawo ni ina ɗaukar hoto shi ne motar asibitinsu. Daga Nakasang zuwa Pakse, babban garin yankin, wajen awa uku ne a mota.

Maman_Sultana: Allah ya ba shi lafiya in yana raye. Amma ni tambayata daban: da gaske dubu huɗun ne cur, ko irin "na faɗa maka sau dubu" ne?

Abu_Hanan_KL: Hajiya, kusan irin na biyun ne. Da rani, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, ruwa yana janyewa, sai ko'ina ka ga tudun yashi da duwatsu da ɗan kurmi sun ɓullo, wani bai fi tabarmar salla biyu ba, itace ɗaya ne a kansa. Damina ta sauka ruwa ya haɗiye su. Waɗanda mutane suke zaune a kai dindindin ba su da yawa. Uku ne baƙi suka sani: Don Khong babba, sai Don Det da Don Khon da gada ta haɗa.

Injiniya_Kunming: Tun da an ambaci sunayen nan bari in ba ku labarin wautata, ko wani zai tsira. Ni daga Sin na gangaro. Na hau sabon jirgin ƙasan da aka buɗe a Disamban 2021, wanda ya haɗa birnin Kunming na Sin da Vientiane, babban birnin Lawos, sumul kamar kana falo. Daga Vientiane na shiga motar kwana mai gadaje zuwa Pakse, gado ɗaya mutum biyu, aka haɗa ni da wani bawan Allah mai minshari kamar injin niƙa. Da safe na je wajen mai sayar da tikiti na ce Don Khon. Ko bakina ne, ko kunnensa ne, oho, ya rubuta min Don Khong. Harafi ɗaya ne tsakani. Ina zaune sai na ga mota ta hau wata doguwar gadar siminti, na ce ikon Allah, ai an ce da kwalekwale ake shiga. Ashe Don Khong tun 2014 aka yi mata gada. Aka sauke ni a Muang Khong, gari tsit, ba kowa a titi sai karnuka da wasu sufaye biyu masu jan mayafi. Na so in yi rigima, na duba ban ga da wa zan yi ba. Na kwana biyu a nan. Tsibirin ya kai kilomita 18 a tsawo, na zaga shi da babur ɗin haya, na ƙetara Muang Saen a ɓangaren yamma na sha rake. Da na isa Don Det daga baya sai na ji hayaniya ta yi min yawa, na yi kewar wurin da kuskure ya kai ni.

Bakano_Mai_Shadda: Ka ji ko. Wuri ne da ko ɓata ka yi ba ka rasa komai ba. Ni dai ban ga abin da ya rushe hukuncina ba.

Malam_Tarihi: Alhaji, bari in ɗan ja hankalinka, don akwai abin da zai burge ɗan kasuwa a wurin. Gadar da Abu Hanan yake tsallakawa da keke gadar jirgin ƙasa ce. Faransawa sun ƙwallafa rai cewa Mekong zai zame musu hanyar shiga kasuwar Sin ta bayan gida. A 1866 suka tura ayari ƙarƙashin Doudart de Lagrée da Francis Garnier su bi kogin zuwa sama. Da suka iso nan sai suka tarar kogin gaba ɗaya yana zubowa daga kan duwatsu, ba jirgin da zai hau. Ba su haƙura ba. A 1893 suka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a kan Don Khon, jirgin ruwa ya zo daga kudu a sauke, a ɗora a kan tarago, a kewaye magangarar ta tudu, a sake jefa shi ruwa ta arewa. Da farko ma mutane ne suke tura taragon da hannu. A 1910 suka ƙara layin ya tsallaka zuwa Don Det, duka-duka wajen kilomita 7. Ya yi aiki har zuwa shekarun 1940, titin mota ya kashe shi. Daga nan ƙasar ba ta sake ganin layin dogo ba sai 2009. Wato wurin da yau ake zuwa don a huta, masu gaggawa ne suka fara gina shi, ruwa ya ce musu a'a.

Abu_Hanan_KL: Malam, kan jirgin yana nan har yanzu, ɗan ƙarami, ya yi tsatsa, an yi masa rumfa kusa da gadar. Can ƙarshen kudu na Don Khon kuma akwai tsohuwar matsayar siminti inda suke loda kaya, kana tsaye a kai kana hango Kambodiya. Hanyar da na fi bi da keke ma ashe tsohon layin ne, an cire ƙarafan an bar tsakuwa. Ta fasa min taya sau biyu.

Ɗan_Gungu: Malam Tarihi, wannan ai labarin Bussa ne aka canja masa riga. Mu ma duwatsun ruwan Bussa ne suka ci Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, a 1806. Bambancin, namu yanzu suna ƙarƙashin tafkin Kainji, ba mai ganinsu.

Malam_Tarihi: Haka yake, ɗan'uwa. Kuma kafin a gama gadar Jebba, jirgin ƙasan Legas zuwa Kano shi ma a kan jirgin ruwa ake tsallakar da shi. Kogi ya sha bai wa Turawa wahala.

Ummu_Khalil: Ku yi haƙuri in katse tarihin. Ni abin da ya dame ni ciki ne da salla. Me ka ci kwana tara a ƙasar da ba Musulmi? Kuma mace mai hijabi za ta iya sakewa?

Abu_Hanan_KL: Anti, kifi ne ya rufa min asiri. Abincinsu na yau da kullum shinkafa ce mai danƙo, a turara ta a kawo a ɗan kwandon saƙa mai murfi, ka gutsura da hannu ka dunƙula kamar tuwo ka dangwala. Bahaushe ba ya buƙatar darasi a nan. Akwai kifin da suke naɗewa a ganyen ayaba su turara da kayan ƙamshi, mok pa suke ce masa, shi na fi ci. Sai ƙwai, ayaba, gwanda, kwakwa. Nama kam ban taɓa ba, don alade yana da yawa kuma yankan ba namu ba ne. Akwai wani ruɓaɓɓen kifi da suke zubawa a kusan kowace miya, padek, warinsa sai ka ce daddawa ta yi fushi, amma kwana uku na saba. Matar gidan da na sauka, da ta gane ba na cin alade, sai ta ware min tukunya ɗaya da cokali, ba tare da na roƙa ba. Masallaci babu a tsibiran, sai a Vientiane na san akwai. Hijabi kuma ban ga matsala ba. Matansu zani suke ɗaurawa har ƙasa, ko wanka a kogi da ɗaurin ƙirji suke yi. Waɗanda suke ɓata musu rai su ne baƙin da ke yawo cikin gari da kayan wanka.

Injiniya_Kunming: Ƙari a kan wannan, Anti: in za ku je da iyali ku guji ƙuryar arewa ta Don Det, inda kwalekwale yake sauke mutane. Nan ne matattarar samarin Turawa masu jakar goyo, giya da kiɗa har dare. Kuma duk abin sha ko na ci da aka rubuta masa kalmar "farin ciki" da Turanci a jerin abinci, kar a taɓa, wiwi ake zubawa. Ku tsallaka Don Khon ko ku tafi Don Khong, can ne masu iyali.

Sarkin_Zolaya: To ashe shi ya sa kwana uku ya koma tara. Abu Hanan, faɗi gaskiya, me ka sha?

Abu_Hanan_KL: Allah ya shirye ka. Ruwan kwakwa ne, sai kofi mai madarar gwangwani.

Malam_Na_Zaure: Tun da Ummu Khalil ta taɓo salla, akwai mas'ala mai daɗi a nan. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyi in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, kasaru ta yanke, sai ya cika. Amma wanda bai ƙulla wannan niyya ba, kullum yana cewa gobe zan wuce, jibi zan wuce, hukuncin matafiyi bai sauka daga kansa ba ko da kwanakin sun yi yawa. To Abu Hanan, wanne ka yi? Wallahu a'alamu.

Abu_Hanan_KL: Allah ya gafarta Malam, kwana ukun farko kasaru na yi. A na huɗu na daina yaudarar kaina, na biya kuɗin ɗaki na kwana biyar gaba ɗaya, na koma cikawa. Abin da ya fi rikita ni alƙibla ce. Mu da muka tashi "gabas" ita ce alƙibla har a bakin magana, can sai ka juya wa fitowar rana baya, ka fuskanci yamma ka ɗan karkata arewa. Na saba a Malesiya, amma a can akwai kibiya a rufin kowane ɗaki. A nan sai na riƙa lura da inda rana take faɗawa a bayan kogi. Agogon asuba kuwa ba na buƙata, gangar gidan ibadarsu da zakaru sun isa.

Likitan_Ƙauye: Ni tambaya ɗaya gare ni, kuma ba ta wasa ba ce. Ka yi wanka a kogin?

Abu_Hanan_KL: Dakta, sau biyu ko uku, a wani yashi can ƙasan Don Khon. Lafiya dai?

Likitan_Ƙauye: To ka je a duba ka. Yankin Khong sananne ne a littattafan likitanci saboda wani nau'in tsargiya da aka sa wa sunan kogin, Schistosoma mekongi. Wani ɗan mitsitsin dodon koɗi ne da ke manne a duwatsu yake ɗauke da ita, kuma ta fi yaɗuwa lokacin da ruwa ya ja baya, daidai lokacin da baƙi suke zuwa. Kar ka ce ba ka ga jini a fitsari ba don haka lafiya lau. Wannan ba irin tamu ta fitsarin jini ba ce, hanji da hanta take kamawa, tana iya yin shiru ta daɗe. An rage ta sosai da rabon magani, amma ba a ce ta ƙare ba. Ka bari a yi kamar wata biyu da shigarka ruwan, ka gaya wa likita inda ka je, a yi gwaji. In an samu, praziquantel ne maganinta, ba wani abin tashin hankali ba ne.

Bakano_Mai_Shadda: Allahu akbar. An je ba a yi komai ba, an dawo da tsaraba. Dakta, a rubuta wannan a cikin hujjojina.

Maman_Sultana: Alhaji kai dai ba ka da dama. Abu Hanan, ka bi maganar Dakta don Allah. Amma ni ina bayanka. Shekara goma sha ɗaya ina aikin banki, hutuna na ƙarshe Dubai na je, na dawo ƙafafuna a kumbure, waya cike da hotuna, ban tuna komai ba sai layin biyan kuɗi da saƙon mutane. Wannan a sayo mata abaya, wancan turare. Na dawo hutu ina neman hutu. Da za a ba ni wurin da ba kanti, ba wanda zai aiko ni, wallahi da gudu zan je.

Hajiya_Mai_Atamfa: Maman Sultana, wannan kuma ki je ƙauyenku mana, kyauta ne.

Maman_Sultana: Yaya, a ƙauyenmu ne zan huta? Kafin in ajiye jaka an kawo min ƙarar gado uku da takardar asibiti biyar.

Ɗan_Agadas: Gaskiyar Hajiya. Hutu sai inda ba a san sunan babanka ba. Mu nan Nijar akwai garin Ayorou a kan kogin Isa, wato Kwara, kusa da iyakar Mali, da tsibiranta da dorinar ruwa da kasuwar Lahadi. Da can Turawa har rububin zuwa suke yi a shiga da su kwalekwale. Rashin tsaro ya kashe wannan harka. Abin da Abu Hanan ya samu a can, rabinsa kwanciyar hankali ce: ya hau keke shi kaɗai cikin daji bai waiwaya ba.

Abu_Hanan_KL: Wallahi ka taɓo wurin. Keken ma ba a ba ni kwaɗo ba. Na tambaya, mai hayar ya yi dariya ya nuna min ruwa ta kowane gefe, wato ɓarawon ina zai kai shi.

Sarkin_Zolaya: To wai ba wani abin kallo ko ɗaya? Ko dutse ne a nuna mana.

Injiniya_Kunming: Akwai mana, shi ne bai faɗa ba don ya ƙara wa labarinsa gishiri. Khone Phapheng tana nan, magangarar ruwan da ta hana Faransawa wucewa. Ba tsawo ne abin mamakinta ba, inda ta fi zurfi wajen mita 21 ne. Faɗi ne da yawan ruwa: in aka haɗa dukkan rassanta ta haura kilomita 10, shi ya sa ake lissafa ta a matsayin mafi faɗi a duniya. Tun daga nesa kake jin rugugi a ƙirjinka. A Don Khon kuma akwai Li Phi, wadda mutanen wurin suke cewa tarkon aljanu ce, wai nan miyagun ruhohi suke maƙalewa in ruwa ya kwaso su. Abin da ya fi tsaya min a rai masunta ne da suke tsallaka wannan tafasasshen ruwa a kan igiya da 'yan sanduna don su duba tarkonsu. Na kalli wani na ji ƙafata tana rawa, shi kuwa da sigari a baki.

Abu_Hanan_KL: Na je duka biyun, Injiniya, awa ɗaya-ɗaya na yi. Amma ka ga, in na rufe ido ba su nake gani ba. Yaran makaranta nake gani su biyar a kwalekwale, babbarsu ba ta fi shekara goma ba, ita ke tuƙi, ƙaramin yana bacci a kan jakunkuna.

Ummu_Khalil: Na taɓa jin wai akwai kifin dolfin a wurin. Ka gani?

Malam_Tarihi: An yi, babu. Na ƙarshe a wannan yanki na iyakar Lawos da Kambodiya ya mutu a Fabrairun 2022, bayan ragar masunta ta ji masa rauni a wutsiya. Sauran 'yan uwansa, wajen 100, suna can ƙasa cikin Kambodiya, tsakanin Stung Treng da Kratie. Kuma ba kifi ba ne, yana shayarwa, sai ya leƙo sama ya shaƙi iska.

Ɗan_Gungu: Kamar ayu ke nan. Mu ma kakanninmu sun san shi sosai, mu sai labari da ɗan abin da masu maganin gargajiya suke nunawa a kasuwa, wanda rabinsa ma ƙarya ne. Me ya cinye nasu, raga kaɗai?

Injiniya_Kunming: Raga ce babba, amma akwai maganar madatsa. An gina ta Don Sahong a kan ɗaya daga rassan kogin a nan cikin tsibiran, an fara a 2016, ta fara aiki a 2020, megawat 260. Rigimar da aka yi, wannan reshen shi ne wanda kifi yake iya bi ya haura sama rani da damina, sauran duk duwatsu ne. Masu aikin sun ce sun gyara wasu rassan don kifi ya bi. Masu kare muhalli da mutanen Kambodiya sun yi ta ƙorafi. Ni dai a matsayina na injiniya ba zan zagi madatsa ba, ƙasa matalauciya ce, wuta take sayarwa maƙwabta ta samu kuɗi. Fankar da Abu Hanan ya kwana a ƙarƙashinta ma ai ba da iskar kogi take juyawa ba.

Ɗan_Gungu: Injiniya, wannan waƙar mun ji ta. Da aka gama Kainji a 1968 mutum wajen 44,000 aka tasa, tsohuwar Bussa ta nutse, gungu da yawa suka tafi da gonakin albasarsu. Kakana har ya rasu in muna wucewa a jirgi yakan nuna wani wuri a tsakiyar ruwa ya ce nan ne rumbunmu. Wutar kuma ta wuce ta kanmu ta tafi birni, garinmu ya yi shekaru da fitilar ƙwai. Ban ce kar a gina ba. A dai riƙa tambayar wa zai biya, wa zai sha.

Injiniya_Kunming: Ban ƙi taka ba, Yaya. Sai dai ko ba madatsa, matasan can ba zama suke ba, Tailan suke tsallakawa neman aiki. Shirun da baƙo yake jin daɗi, wani ɓangarensa shirun garin da samarinsa suka tafi ci-rani ne.

Likitan_Ƙauye: Kafin a wuce, rigar kariya fa? Kwalekwalen nasu suna bayarwa?

Abu_Hanan_KL: Wanda ya ɗauko mu daga Nakasang akwai guda huɗu ko biyar a rataye, mu kuma mun fi goma sha biyar, ba wanda ya saka. Tafiyar ba ta fi minti goma sha biyar ba, siririn jirgi ne mai inji da doguwar wutsiya.

Ɗan_Gungu: Ka saka ko minti biyu ne. Mu da muka ga abin da ya faru a Warrah a watan Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya rabe a tsakiyar ruwa, ba ma wasa da wannan. Iya iyo ba ya ceton wanda mutum uku suka riƙe wa riga.

Maman_Sultana: Allah ya jiƙansu da rahama.

Bakatsine_77: Amin. Ni tambayar talaka gare ni: da koren fasfo ana shiga kuwa?

Abu_Hanan_KL: Ana shiga, amma lokacin da na je ba a ba ɗan Najeriya biza a bakin iyaka kamar yadda ake ba Turawa. A ofishin jakadancinsu na Kuala Lumpur na nema tun kafin in tashi. Ka bincika da kanka kafin ka sayi tikiti, dokokin nan suna canjawa. Kuma ka shiga tsibiran da kuɗi a hannu. Kuɗinsu kip ne, na canja dala 50 aka ba ni sama da miliyan ɗaya, na zama miloniya na kwana biyu.

Sarkin_Zolaya: To Alhaji Bakano, ga inda za ka je a kira ka biloniya ba tare da ka sayar da yadi ɗaya ba.

Bakano_Mai_Shadda: Ni fa har yanzu ba a ba ni amsa ba. Malam ya ba mu tarihi, Dakta ya ba mu cuta, Injiniya ya ba mu wuta. Duk wannan a zaune a shagona na same shi, ban biya ko sisi ba. Abu Hanan, me ka dawo da shi wanda ba za ka iya turo min ta waya ba?

Abu_Hanan_KL: Alhaji, ban sani ba ko zai shiga lissafinka. Shekara biyu ina fama da babi na uku na kundin digirina, in na kwanta kaina kamar kasuwar Kwari ranar jajiberin salla. A dare na biyar a can na yi bacci tun bayan isha har asuba, ban farka ba ko sau ɗaya. Rabona da haka tun ina gidanmu.

Hajiya_Mai_Atamfa: To babin ya rubutu?

Abu_Hanan_KL: Bai rubutu ba tukuna, Hajiya.

Bakano_Mai_Shadda: Na gode, ba ni da sauran tambaya.

Ɗan_Gungu: Alhaji, kai da Abu Hanan duk ku zo Yauri in ya dawo gida, ku daidaita da lokacin Rigata ku ga tseren jirage. Daga nan in tsallaka da ku gungunmu ku kwana uku, ba biza, ba canjin kuɗi, alƙibla kuma tana inda kuka santa. Kifi sai kun ture. Sharaɗi ɗaya, ranar komawa ba ni ke sa ta ba, mai jirgi ne.

Bakano_Mai_Shadda: Akwai sabis a gungun naku? Ina da kwantena a kan ruwa, dole a riƙa samuna.

Ɗan_Gungu: Akwai, in ka hau tudun bayan masallaci ka ɗaga wayar sama. Ban da ranar da aka yi hadari.